Likkafanin da Na Ƙi Ƙarasawa

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har sunayen jikokina wani lokaci sai na kira uku kafin in dace da wanda nake nufi. Amma abin da ya gudana tsakanina da kakata a Ƙarfi, shi kam ko na so in manta ba zai bar ni ba. Na yi sama da shekara hamsin ina saƙa, hannuna ya taɓa zare iri-iri, amma har gobe in na ɗauki farin zaren hannu sai tsigar jikina ta tashi.

A lokacin ban wuce shekara goma sha tara ba, 'yan shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai. Dawowata ke nan daga makarantar kwana ta mishan, inda na shafe shekara shida. Babanmu Kirista ne, yana aiki a injin gurzar auduga a Funtuwa, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Mahaifiyarsa, wato Kaka, Musulma ce, ɗakinta na can kusurwar gidanmu da 'yar rumfa a ƙofa. Ba wanda ya taɓa takura wa wani. Ran Lahadi ita ke korar mu kada mu makara coci, da azumi kuma ni ke dama mata kunun buɗa-baki. A ƙuruciyarta an san ta da kaɗi da saƙa har Malumfashi, amma a shekarun nan sanyin ƙashi ya lanƙwashe mata yatsu, idanunta kuma sun dushe.

Ni kuwa na dawo kaina ya kumbura. A makaranta wata malama ta koya mana irin saƙar da ba a san ta a garinmu ba: zanen da ba a ɗaurawa, ba a lulluɓa da shi, sai dai a rataye a bango a kalla, da hoto saƙe a jikinsa. Ta ce ina da hannu, in na saƙa mai kyau za ta kai shi Zariya, inda masu zane da masu saƙar zamani za su baje ayyukansu. Da na gaya wa Kaka sai ta yi dariya har da tari.

"Zanen bango? To shi bangon sanyi yake ji, ko biki za shi?"

"Kaka, ba za ki gane ba, abin zamani ne."

"Allah ya ba zamani lafiya, ɗiyar nan. Mu dai a namu lokacin mutum ake tufatarwa."

Abin da nake so in saƙa shi ne gonar auduga: ƙasa baƙin shuni, farar auduga ta fashe a kai, balbelu uku na tashi. Matsalata zare. Na kanti yana da santsi amma ba ya shan shuni yadda nake so, abawa, wato zaren hannu na kasuwa, kuma ta cika kauri. Ina cikin wannan neman, a farkon bazara, Kaka ta tafi suna Kafur, za ta kwana uku. Na shiga share mata ɗaki, tsintsiyata ta bugi wata tukunya can ƙuryar ƙarƙashin gado. An rufe bakinta da faifai, an ɗaure da tsumma. Na kwance. Ganyen darbejiya ne busasshe a sama, a ƙarƙashinsa kuma dunƙule-dunƙulen farin zare, siriri, sumul, ko ƙulli ɗaya babu. Ban taɓa ganin zare irinsa ba, ban kuma sake gani ba.

Nan take na yanke wa kaina hukunci, irin na mai ilimin boko wadda ta fi kowa sani. Na ce tsohuwa ce kawai da son ɓoyo, ga hannunta ba ya iya komai yanzu, zare zai ruɓe a banza. In ya so daga baya na saya mata na kanti. Ban tambayi Inna, mahaifiyata, ba, don na san za ta hana. Na kwashe, na bar dunƙule biyu saboda kunya, na mayar da tukunya yadda take. Washegari na kai mafi yawansa marina a Malumfashi, aka tsoma shi a shuni har ya yi baƙi yana ƙyalli.

Ranar da Kaka ta dawo ana zafin da kaji ke buɗe baki, tabarma ma in ka taka sai ta ƙona ka. Ta sauko daga mota, ta shigo gida, ba ta ko leƙa ƙarƙashin gado ba, ta zauna a bakin ƙofa ta rungume jikinta.

"Ku ba ni bargo," in ji ta.

Inna ta ce, "Bargo, Iya? A wannan zafin?"

"Sanyi nake ji tun a Kafur. Kamar ina barci wani ya yaye ni."

Na ce a raina zazzaɓin hanya ne. Daga ranar ba ta ƙara rabuwa da bargon ba, ba ta kuma cika fitowa tsakar gida ba. Ni ko a jikina, na kafa saƙata a bayan ɗakin Inna, na duƙufa wata biyu cur. Gaskiya zan faɗa, zanen ya yi kyau. Maƙwabtan da suka yi ta mini ba'a su ne suka riƙa shigowa kallo suna riƙe baki.

Ranar da za a tafi da shi, direban motar Zariya na jira a bakin kasuwa, na ce bari in kai wa Kaka ta taɓa, tunda ba ta gani sosai. So nake ta yaba. Na shimfiɗa mata a cinya. Ta ɗora karkatattun yatsun nan tana shafawa, tana murmushi, sai hannun ya tsaya cak. Ta kama zare ɗaya a gefe ta murza. 

"Wannan kaɗina ne," ta ce a hankali.

"Eh, Kaka, na ara ne. Zan saya miki wani."

Ta kai zanen hancinta ta shinshina. "Ya sha shuni."

"Ya sha."

"To ɗauki ki tafi da shi. Ba abin da zai yi mini kuma."

Na ɗauka da gudu na kai mota, har ina jin daɗin ba ta yi faɗa ba. Da na dawo na tarar da Inna zaune a ƙasa a ɗakin Kaka, tukunya a gabanta a buɗe, tana hawaye. Ta jawo ni waje, ta riƙe mini kunne kamar 'yar shekara biyar, ta gaya mini abin da duk yarinyar da ta tashi a gida ta sani ba sai an faɗa mata ba. Tsofaffin matan wancan lokaci kowacce kan kaɗa zaren likkafaninta da hannunta, ta adana, ba ta zancensa da kowa. Kaka shekara bakwai ta yi tana tara nata, daga audugar gayaunarta, kullum kaɗan bayan sallar asuba tana da alwala. Dunƙulen ƙarshe ta gama shi ne da kyar, a shekarar da yatsunta suka mutu. Ni kuma ina can makaranta ana koya mini saƙar bango, ba wanda ya koya mini wannan. Likkafani kuwa fari ne, abin da ya sha shuni ya tafi ke nan.

Daga baya malamar ta aiko mini da takarda cewa an yaba zanen ƙwarai, wai mutane sun fi tsayawa a gabansa suna tambayar inda aka samo zaren. Na cusa takardar a murhu.

Da Baba ya zo ya ji, bai daki kowa ba. Ya koma Funtuwa ya sayo alawayyo mai kyau, farin yadin da ake yi wa kowa likkafani da shi, ya durƙusa ya ajiye gaban mahaifiyarsa. Ta shafa ta ture.

"Ban san hannun da ya kaɗa shi ba."

"Ba hannu ba ne, Iya, inji ne."

"To ka gani."

Cikin mako guda ta kwanta. Abinci sai a cokali, ƙafafu suka daina ɗaukarta. Malamin asibiti ya zo ya duba, ya ja Baba gefe ya ce a sanar da dangi, ba za ta kai Juma'a ba. Dangi suka zo daga Kafur da Mahuta, suka cika gida, aka yi ta jira. Juma'a ta wuce, wata ta sake wucewa. Ruwan shuka ya sauka, kowa ya tuna da gonarsa, suka watse ɗaya bayan ɗaya suna satar kallona. Kaka tana nan kwance, ba ta warke ba, ba ta kuma tafi ba.

Abin da ya fi tsorata ni tsakar rana ne. In kowa ya tafi gona, gida ya yi tsit, sai in ga hannunta na dama ya ɗago daga bargo, yatsu biyu suna murza iska, na hagu yana ja sama a hankali, daidai yadda mai kaɗi ke yi, alhali ba mazari ba auduga. Sannan ta juya ido wajen ƙofa, inda ba kowa sai hasken rana, ta ce da ladabi irin na mai ba baƙi haƙuri, "Ku ɗan ƙara jira. Ban shirya ba tukuna."

Rana ta uku da na ji haka na faɗi gaban gadonta ina kuka, ina cewa ta yafe mini.

"Na yafe tun ranar," in ji ta. "Amma yafiya ba za ta rufe ni ba. Ke kika kwashe, ke za ki mayar. Ɗauko mazari."

Kunya ta kama ni, don duk cika-bakina ban iya kaɗin kirki ba, da zaren kanti aka koya mana saƙa. Haka na zauna a bakin gadonta da ragowar audugar bara, na gurza na cire iri, na shiɓe ta yi laushi, na shafa alli a yatsu don kada su yi santsi, na fara. Ba ta ganin zaren, amma kunnenta na jin kukan mazari. "Ya yi kauri, igiyar guga kike kaɗa mini?" Can kuma, "Zai tsinke, sassauta." Kafin ta rufe baki ya tsinke. In na yi tsaki ta ce, "'Yan boko, ga turanci ga gajen haƙuri."

Wata uku muka yi a haka, kuma ba zan ɓoye ba, ban taɓa jin daɗin zama da wani mutum kamar wannan lokacin ba. Ta fara shan kunu rabin ƙoƙo. Ta ba ni labarin ƙuruciyarta, da yadda kakanmu ya yi ta sayen zare a wurinta alhali shi ba masaƙi ba ne, har uwarta ta gane abin da yake nema. Sai a lokacin na san matar da na yi shekara goma sha tara ina gaisarwa. Na so ta, so mai tsanani, irin wanda ke zuwa a makare.

Da zare ya isa, na haɗa da dunƙule biyun nata, na yi wadari, wato jera zaren tsaye, na kafa saƙa a rumfar ƙofar ɗakinta don ta riƙa jin bugun akwasa, wato itacen da muke danne zare da shi. Na gama ƙyalle na farko, na biyu, har na zo na ƙarshe. A nan na lura ba'a ta ƙare. Ta kira Inna ta ba ta tasoshinta. Ta ce a kai wa maƙwabciya butarta. Kullum da safe tambayarta ɗaya ce: "Saura nawa?" Sai na fahimci abin da hannuna ke yi. Duk zaren da na buga, kusantar da ita nake yi ga masu jiran nan na bakin ƙofa.

Saura taƙi ɗaya na tsaya. Ran farko na ce kaina ke ciwo. Rana ta biyu na ce zare ya jiƙe da raɓa. Na ce za ni taya Inna cirar ciyawa, na ce akwasa ta tsage, na ce yau Lahadi. Ƙarya dai ba irin wadda ban yi ba. A raina ina cewa muddin ban ƙarasa ba, tana nan. Kaka ba ta musa mini ko sau ɗaya ba, sai ta ce "To," ta juya ido.

A rana ta biyar na je rijiya da tsakar rana. Ina dawowa da tulu a kai, tun daga zaure na ji bugun akwasa. Ba irin nawa ba ne. Ni sau ɗaya nake bugawa, wannan kuwa bugu biyu ne a jere, na biyun a hankali, sannan shiru, sannan a sake. Na san Inna na gona, ƙannena duk suna tare da ita. Na yi sallama. Bugun ya tsaya. Na leƙa, ba kowa a rumfa sai kaza da 'ya'yanta. Amma zaren saƙar yana ɗan girgiza, kuma ba iska ko kaɗan. Na shiga ɗaki, Kaka na kwance fuskarta ga bango, yadda muka juya ta da safe, don ita ba ta iya juya kanta.

Na ce kunnena ne. Duk da haka na ɗaura wani jan zare a jikin itacen saƙa, daidai inda aikina ya tsaya. Washegari da rana na fita da gangan, na zauna gidan maƙwabta, na dawo. Saƙar ta wuce jan zaren da yatsa biyu. Na durƙusa na duba. Sabon wurin ya fi nawa matsewa nesa ba kusa ba, gefensa a miƙe kamar an ja da wuƙa. A jikin akwasa kuma ga farin sawun yatsu na alli, guda uku, a karkace.

Na yi addu'a duk wadda na sani. Da Inna ta dawo na ja ta gefe na tambaye ta ko ita ce. Ta dubi saƙar, ta dubi ƙofar ɗakin, ta ja da baya.

"Ni? Ina gona tun safe, kin gani da idonki. Kuma ni ban taɓa iya buga gefe haka ba." Ta rage murya. "Ke dai ki ƙarasa abin nan, kafin a ƙarasa miki."

Kun san taurin kai irin nawa? Ko wannan bai sa na ƙarasa ba. Tsoro ya hana ni fita da rana, sai in zauna in tsare saƙar, na ba ta baya, ina jin kamar wani na tsaye a ƙofa yana kallon ƙeyata. Muddin ina wurin, ba abin da ke motsi. Na ƙara kwana uku a haka ina gadin taƙin da bai cika ba.

A rana ta tara Inna ta ce in taya ta yi wa Kaka wanka, abin da take hana ni a da. Muka ɗaga ta, ba ta fi nauyin damin kara ba. Da muka juya ta na ga bayanta. Kwanciya ta cinye fatar, ƙugu da kafaɗa duk gyambo ne, tsumman da aka shimfiɗa ya manne. Ba ta yi ko uhum ba, sai hawaye da ke bin gefen idonta. Ashe duk ranar da na ƙara mata, a kan wannan take kwana. Da Inna ta fita zubar da ruwa, Kaka ta lalubo hannuna.

"Kanki ya daina ciwon?"

Na sunkuyar da kai.

"Na san abin da kike yi, ɗiyar nan. Ni ma na so zaman. Amma uwata ce ke zuwa, da ƙanwata, Allah ya jiƙan su. Kullum sai sun tsaya a rana saboda ni, kunya ta ishe ni."

"Kaka, wa ke taɓa saƙar?"

"Ban tambaye su ba." Ta huta kaɗan, sannan ta ce, "Da kika buɗe tukunya, ba ki sani ba. Wannan karon kin sani."

Ban taɓa jin maganar da ta shige ni kamar wannan ba. Na fita, na wanke hannu, na zauna gaban saƙa. Ina kuka ina bugawa, ina kawar da fuska kada hawaye ya ɗiga a kai. Abin da na yi kwana tara ina gudu bai ɗauke ni daga hantsi zuwa azahar ba. Na yanke, na haɗa da sauran ƙyallayen, na kai mata. Ta ce in ɗora mata a ƙirji. Ta bi shi da yatsu daga farko har ƙarshe, ta goga a kumatunta.

"Kaɗinki har yanzu da saura," in ji ta. "Amma zai kai ni." Sai ta ture bargon nan da ta yi wata da watanni tana ƙudundune a ciki. "Ɗauke wannan, zafi nake ji."

Ta ce a dama mata fura, ta sha da kyau. Ta ce Inna ta yi mata alwala. Sannan ta dubi ƙofa, fuskarta ta saki, ta ce, "To, bismilla." Kafin la'asar ta rasu. Aka aika Funtuwa, Baba ya iso da safe, shi da kansa ya je ya kira liman. Tsofaffin matan unguwa suka yi mata wanka suka sa ta a ciki. Ɗaya daga cikinsu ta fito tana cewa ya yi mata cif, ko yatsa bai ragu ba.

Har yau ban san wanda ya buga yatsa biyun nan ba, na kuma daina neman sani. Abin da na sani shi ne sau biyu na yi wa kakata sata. Ta farko zare ce, na yi ta cikin rashin sani da girman kai, kuma na biya da hannuna. Ta biyu kwana tara ce, na yi ta ido buɗe ina kiran ta ƙauna, ita kuwa ba ta da biya. Tun daga ranar na koyi cewa in na ƙanƙame mutum ina cewa don shi nake yi, in tsaya in duba wanda ke jin ciwon riƙon. In shi ne ke ji, to kaina nake so, kuma lokacin sakin hannu ya yi.